Zagayen Juma'a na Na Allah Tela

Na Allah ɗan Kona ne. Can aka haife shi, can ya yi noma har gemu ya fara tsiro masa, sannan kowa ya yarda cewa shi da hauya ba za su shirya ba. Wani kawunsa ya kai shi Maraɗi ya koyi ɗinki. Da hannunsa ya faɗa, sai ya dawo kusa da gida, ya kama shago a Tasawa ta bayan kasuwa, ya kafa kekensa na ɗinki. A nan ya auri Binta, a nan suka haifi 'ya'yansu, a nan kuma ya ajiye tumbi.

Mutum ne mai son abinci tsakani da Allah, kuma ba ya jin kunyar a sani. Masu talla sun san shagonsa kamar ƙofar gidajensu. Mai gyaɗa ta tsaya, mai dambu ta tsaya, mai alewa ma ba ta wucewa. Yana taka keke yana tauna. Farin da aka yi kafin soja su karɓi mulki ya rage masa aiki ƙwarai, don mutane sun daina ɗinka sabo sai gyaran tsoho, amma tumbin ya fita daga farin nan kusan yadda ya shiga.

A shekarar da soja suka hau ne ƙafafunsa suka fara kumbura. Binta ta matsa masa har ya tafi gidan likita. Lokotoro, wato likitan, ya danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Mine ne aikinka?" in ji lokotoro.

"Tela ne ni."

"Zama ya yi maka yawa. Ka rage maiƙo, ka sami keke ka riƙa hawa."

"Lokotoro, ai bisa keke nike wuni tun ina saurayi."

"Wanda ke tahiya nike nuhi."

Maganar rage maiƙo Na Allah ya bar ta a gidan likita, ya fito da ta keke. Yana da aboki, Gajere, mai gyaran kekuna, wanda rumfarsa ke kallon shagon. Gajere ya shiga tarin ƙarafan da ke bayan rumfar ya haɗa masa keke: gangar jikin daga wani, ƙafafun daga wani, sirdin kuwa sai da ya faɗaɗa shi da katako ya lulluɓe da fatar rago. Sai a ranar da aka gama haɗawa Na Allah ya faɗa masa a hankali cewa shi fa bai taɓa hawa ba.

Suka riƙa zuwa filin idi da sassafe, wai don kada a gani. Gajere ya riƙe sirdi yana gudu a baya yana "Taka! Dubi gabanka, bar kallon ƙahwarka!" Na Allah ya taka, ya karkace, ya zube cikin rairayi, wani lokaci har da Gajeren a ƙarƙashinsa. Mata masu zuwa rijiya suka kai labari cikin gari tun ranar farko. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaye shi ya jikin dokin.

Amma ya iya. Ranar wata Juma'a da hantsi, da yake ba ya buɗe shago sai an sauko daga masallaci, ya ce yau shi kaɗai zai fita. Ya hau gudro, wato titin kwalta da ya ratsa gari, ya miƙe wajen tashar mota. Iska ta shiga rigarsa ta cika ta. Ya kaɗa ƙararrawa ba don kowa ba, ya ji daɗi irin wanda ya manta da shi tun yana yaro. Daɗin bai daɗe ba. Kafin ya kai tasha numfashinsa ya ƙare, ya sauka yana haki daidai inda Uwa ke suyar ƙosai.

Uwa tsohuwa ce mai baki, ta daɗe a bakin tashar nan fiye da yawancin motocin. Ta dube shi ta ce, "Tela, lahiya? Wa ya biyo ka?"

Ya dafa keke yana ta haki. Ta tura masa benci da ƙafa, ta miƙa masa ruwa. Da hankalinsa ya dawo sai hancinsa ya fara aiki. Ya ga bai dace mutum ya zauna a bencin mutane ya sha ruwansu ya tashi haka nan ba. Ya ci ƙosai da zafinsa, ya kora da koko, ƙarfi ya dawo, ya hau.

Numfashi na biyu ya ƙare masa a unguwar mahauta, ƙofar gidan Danda mai kilishi. Danda yana kwashe na jiya daga kan wuta, yana shanya sabo a kan gadon kara. Shi ma ya ba shi wurin zama, nan ma bai dace a tashi haka nan ba. Daga nan hanya ta bar gudro ta gangara cikin rairayi zuwa tabkin bakin gari, inda keke ke nutsewa mutum ya yi ta fama. A ƙarƙashin wani babban gawo ya faɗi zaune. Wata Bafillatana, Jummai, tana nan da ƙorenta na hura da nono, takan huta a wurin kafin ta shiga gari.

"Kaɗo," ta ce masa, don haka Fulani ke kiran Bahaushe, "kai ke ɗauke da ƙarhen ga ko shi ke ɗauke da kai?"

"Dama mini hura tukuna, in na sha sai mu yi shari'a."

Ta dama masa. Ya sha ya lumshe ido. Nonon mai kauri ne, da ɗan tsami daidai, hurar kuma ta ji citta da kanumfari. Ya koma gida ta bayan lakwal, wato makarantar boko, yara na cikin aji suna leƙensa ta taga, ya iso da zufa sharkaf da ciki dam.

Hanyar da ya bi ran nan ita ya riƙa bi kowace Juma'a. Ba wanda ya zauna ya tsara ta, numfashinsa ne ya yanka ta. Ko bayan ƙirjinsa ya buɗe, ya zama yana iya zagaye garin bai tsaya ba, bai ga dalilin canzawa ba.

Binta ce ta fara ƙorafi. Ranar Juma'a takan yi shinkafa da miya mai kyau, yanzu kwanon na dawowa ba a taɓa ba.

"Malam, keken nan na rage ciki ne ko na ƙara shi?"

"Ƙahwa na kai wa lokotoro, ba ciki ba. Dubi ƙahwar."

Gaskiya ƙafar ta saɓe. Binta ta duba, ta mai da shinkafar Juma'a zuwa dare.

Gajere ne ya fara bin sa, wai don ya tsinto abin da zai faɗo daga keken. Sai wani mushe, wato malamin makaranta, da ya aje koyarwa ya shigo, sai mai sayar da goro, sai wasu 'yan kasuwa biyu ko uku da suka ga abin ya yi kama da hutu. Mutanen gari suka sa musu suna 'yan zagaye. Dokarsu ba ta da yawa. Ba a wuce Na Allah, kome saurin mutum. Ba a maganar aiki. Maganar mulki kuwa ba sai an hana ba, zamanin soja ne, kowa ya san abin da ake faɗa a bakin tasha da abin da ake bari a ciki. Gardamarsu ba ta wuce ko Danda ya cika yaji a kilishin yau, ko ƙosan Uwa ya fi daɗi da koko ko da kunun tsamiya. A kan wannan mushe da mai goro suka taɓa yin sati ba sa gaisawa.

Masu abincin ma suka saba. Uwa takan ajiye ƙullu na musamman, ba ta zuba shi a mai sai ta ji ƙararrawa. Danda yakan ware musu gefen da ya fi laushi. Jummai ta daina shiga gari ranar Juma'a gaba ɗaya, don ƙwaryarta a gindin gawo take ƙarewa.

Ana nan sai wata shekara aka shirya bikin gwamnati, da kokawa da kiɗa da wasanni. Kowace unguwa tana da samariya a lokacin, ƙungiyar da soja suka raya don aikin gayya da tarbar baƙi. Shugaban samariyar unguwarsu, Mai Nasara, ya shigo shagon Na Allah da rana tsaka, ya cire hula yana fifita da ita.

"Tela, an sa tseren keke tsakanin Tasawa da Mayahi."

"Madalla. Allah shi ba mu sa'a."

"Ku ne za ku yi."

Keken ɗinki ya tsaya. Ashe kwamandan gari, daga tagar buronsa, wato ofishinsa, yakan ga mutane a jere bisa kekuna kowace Juma'a, ya ɗauka 'yan wasan motsa jiki ne masu horo. Da aka zo maganar tsere sai ya ce ai garin na da ƙungiya a shirye.

"Ka gaya mishi mu ci muke yi?" in ji Na Allah.

"Kai ka tahi ka gaya mishi."

Ba wanda ya tafi. Na Allah ya yi abin da ya iya: ya ɗinka musu riguna iri ɗaya, kore da farin wuya, masu kyau ƙwarai. Tasa ta ci yadin mutum biyu.

Ranar biki 'yan Mayahi suka sauko daga babbar mota, samari sirara kamar karan dawa. An ce wasunsu daga Gidan Amumune suke, waɗanda suka saba ɗauko buhun hatsi bisa keke cikin rairayi. Hanyar tseren kuwa kusan ita ce hanyar zagaye, don babu wata hanyar kirki da ta kewaye garin. Aka busa usur. Kafin Na Allah ya sami feda da ƙafa ta biyu, 'yan Mayahi sun sha kwana.

A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya sunkuyar da kai ya taka iya ƙarfinsa, 'yan zagaye na biye da shi a jere kamar kullum. Ya zo tasha da niyyar wucewa, abin da bai taɓa yi ba. Uwa, wadda ba ta san da wani tsere ba, ta ji ƙarar kekunansu ta zuba ƙullu a mai, ta ɗaga murya.

"Tela! An soya!"

Ya waiwaya don ya ba ta haƙuri, keke ya bar gudro ya nutse cikin tarin rairayi, Na Allah ya sauka ta gaba. Ba abin da ya same shi. Sauran suka ja birki, don ba a wuce shi. Gajere ya dubi hanya, ba ko alamar 'yan Mayahi, ya dubi kaskon Uwa.

"Tunda dai mun sauka," ya ce.

A ƙofar Danda suka tarar da 'yan Mayahi biyu, ɗaya tayarsa ta fashe, ɗayan ya tsaya taimakonsa, dukansu kamar za su yi kuka. Gajere ya yi musu faci, Na Allah ya sa aka ba su kilishi, ya ce su biyo su, su ne suka san hanya. Aka gangara gindin gawo aka sha hura. Sai da aka gama rabon kyauta, makaɗa sun fara naɗe kayansu, sannan korayen riguna suka shigo filin bikin a jere, da baƙi biyu a tsakiya suna lasar baki.

Kwamanda na tsaye da kakinsa, fuska a ɗaure.

"Wa ne babbanku?"

Na Allah ya matso. Akwai ƙunshin kilishi a hannunsa wanda ya sayo wa Binta, sai kawai ya miƙa. Kwamanda ya dubi ƙunshin, ya dubi tumbin, ya gutsiri kaɗan ya tauna a hankali. Ya juya ya faɗa wa na kusa da shi wata magana da Faransanci, suka yi dariya, sannan jama'a suka ga ashe an yarda a yi dariya. Ya kama hannun rigar Na Allah ya duba ɗinkin.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"To ka tsaya a ɗinki."

Daga ranar aka ba shi aikin rigunan samariya na gari duka, kuma ba a sake sa 'yan zagaye tsere ba.

Shekaru suka tafi haka cikin daɗi har babban fari na biyu ya shigo. Damina ta zo kamar ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Nijeriya kuma ta rufe iyakarta a daidai lokacin, hatsin da aka saba shigowa da shi ta Katsina ya yi wuya. Mutanen ƙauye suka fara taruwa a bakin gari suna kafa bukkoki da zana da tsofaffin buhuna.

Ƙosan Uwa ya yi ta ƙanƙancewa har wake ya gagara, ta koma soya na garin rogo. Wurin Danda nama ya yi yawa, don makiyaya na sayar da shanu kafin su mutu a hannunsu, amma nama ne marar maiƙo, ga gyaɗar da ake shafa masa babu. 'Yan zagaye suka fara janyewa. Mushe ya ce abin kunya ne a riƙa yawon ciye-ciye mutane na kallo da yunwa. Na Allah ya ga gaskiyarsa, ya jingine keke a zaure.

Bai daɗe da jinginewa ba sai ga Uwa da kanta a shagonsa, da sandarta.

"Tela, kai ma ka guje ni?"

"Uwa, kunya nike ji. Mutane ba su da na baki."

"Ni ba mutum ba ce? In ku masu saye kun ji kunya kun zauna gida, ni da jikokina mi za mu ci, kunyarku?"

Juma'ar da ta biyo ya fito da keke, Gajere na bayansa, daga baya mai goro ya dawo. Sai dai cin ya canza. Na Allah yakan sayi ƙosan rogo kamar yadda ya saba saye, ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya ce yau cikinsa ba daɗi, ya tura kwanon wajen waɗanda ke zaune a gefen tasha. Haka wurin Danda. A shekarar ce tumbin da ya gagari lokotoro ya tafi. Da hannunsa ya rage wandunansa, yana ɗinki yana tsaki.

Gindin gawo ne ya zama kango. Tabkin ya ƙafe ya tsattsage, Jummai kuma ta daina zuwa. Sukan isa wurin su zauna su sha ruwan gorarsu su tashi. Na Allah ya tambayi Fulanin da ke kawo shanu wurin Danda, wani ya ce ya ga rugarsu ta koma kudu, kafin a kai Korgom, amma bai ga shanu a wurin ba.

Ya gaya wa Binta zai je ya gani.

"Malam, kai da ba ka taɓa wuce gawon nan da keke ba?"

"Shekara nawa matar nan tana dama mini hura. In ta mutu ma ai ya kamata in sani."

Binta ta tashi ta yi musu shiri, shi da Gajere. Ta cika musu gora, ta ƙulla garin rogo da ƙuli-ƙuli, ta ƙara wani ƙulli dabam ta ce wannan ba nasu ba ne, kada su taɓa.

Shi da Gajere suka fita da asuba. Hanyar daji ba gudro ba ce. Suka hau kaɗan, suka tura da yawa. Gefen hanya gawarwakin shanu ne a bushe, fata manne da ƙashi. Da rana ta take, Na Allah ya zauna a ƙasa ya ce shi nan ya kawo. Allah ya kawo wani mai amalanken jaki da zai koma Korgom, ya ɗora su da kekunansu, yana ta tambayar ko 'yan birni ba su san keke ba ya son rairayi ba.

Suka sami rugar da la'asar. Bukka ce guda da awaki biyu, sai Jummai da wata tsohuwa, surukarta. Ƙorenta na nono suna kife a kan danki, ƙura ta rufe su. Ta rame har sai da ta yi magana ya tabbatar ita ce. Ita ma ta daɗe tana dubansa.

"Kaɗo? Ina ka baro sauranka?"

"Yana Tasawa. Hura muka zo sha."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja gyale ta rufe fuska. Da ta natsu ta ba su labari. Shanu sun ƙare. 'Yan da suka rage, mai gidanta Dikko ya kora su kudu shi da samarinsu, tun kaka ba labari. Ita da tsohuwa ganye suke tafasawa.

Na Allah ya ajiye ƙullin Binta a bakin bukka kamar ya manta da shi a wurin. Ya ce ta zo gari, ana rabon hatsin taimako.

"Ni ba ni shiga layi mutane na kallona."

"Wa ya ce ki shiga? Ni zan shiga. Ni ba ni jin kunyar abinci, duk Tasawa sun shaida. Ke dai ki zo ki dama. Mun rasa wurin hutawa, Gajere har ya hwara ciwon baya."

"Wallahi," in ji Gajere, ya dafa ƙugu.

"Da wane nono zan dama?"

"Ki sa tsamiya."

"Hura ba nono? Kaɗo, wannan ai zagi ne."

"To ki zage mu da ita, za mu sha."

Suka kwana a Korgom suka dawo. Bayan 'yan kwanaki sai ga amalanken nan a ƙofar gidan Na Allah, da Jummai da tsohuwa da awaki da ƙore. Binta ta riga ta share ɗakin da yake tara ƙyallaye, kamar ta san za su zo.

Hatsin taimakon jar dawa ce mai tauri wadda ba a saba da ita ba. Na Allah ya shiga layi ya karɓo, yana ta raha da mata. Jummai ta daka ta yi hura, ta dama da ruwan tsamiya, ta kai gindin gawo ranar Juma'a. Suka sha. Abin ya tsaya musu a maƙoshi kamar an dama ƙasa.

"Kai, madalla," in ji mai goro, idonsa na ruwa.

"Ƙarya kuke, dukanku," in ji Jummai. "Ni ma na ɗanɗana."

Suka shanye duk da haka. Daga baya aka fara raba madarar gari, wadda mutane da yawa ba su san yadda za su yi da ita ba, tana ɓata wa yara ciki. Jummai ta tafasa ruwa ta dama ta, ta zuba ɗan tsamin nonon akuyarta, ta rufe ta kwana. Da safe ta yi kauri. Ba nonon saniya ba ne, kuma ita ba ta taɓa yarda ta kira shi nono ba, amma ya gyara hurar, har matan bukkokin bakin gari suka riƙa zuwa tana nuna musu. Ita da Binta kuwa suka zama baki ɗaya. In Na Allah ya shigo gida sai ya tarar an gama shari'arsa da Hausa an maimaita da Fillanci.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai. Tabki ya cika, kwaɗi suka hana unguwar barci, mushe ya dawo zagaye ba tare da kowa ya ce masa kome ba. Bayan an yi girbi Dikko ya dawo daga kudu da samarinsa da 'yan shanun da suka tsira. Ya kwashe iyalinsa suka koma daji. Mutum ne marar magana, godiyarsa ba ta fi kalma uku ba, har Na Allah ya ɗan ji abin a ransa.

Sai wata safiya ya fito ya tarar da karsana ja ɗaure a ƙofar gida, Dikko na tsugune a gefe da sandarsa a kafaɗa.

"Taka ce," ya ce.

"Ni tela ne, Dikko. Ina zan kai saniya?"

"Taka ce," ya sake faɗi, ya tashi ya tafi.

Na Allah ya shigar da ita gida, ya ɗaure ta a gindin bedi, wato dogon yaro. Ya riƙa sayo mata harawa, yana yi mata hira da yamma. Ita kuwa ba ta san zaman gari ba. Ta fasa randa, ta cinye zogalen Binta, ta tunkuyi Gajere. Ranar da ta tsinke ta ja babbar rigar wani alhaji da aka kawo gyara daga igiyar shanya ta tauna hannu ɗaya har kafaɗa, Binta ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Malam, ko ita ko ni."

Na Allah ya zauna ya sake hannun rigar da wani yadi, ya rufe mahaɗin da aiki mai yawa, har alhajin ya yaba ya ce bai sa a yi masa wannan ado ba. Washegari ya aika aka kira Dikko, ya roƙe shi ya mai da ita cikin garke ya riƙa kiwon ta. Dikko ya yi murmushi, karon farko da aka ga haƙoransa, ya ce da ma jira yake.

Karsanar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Lokacin da idon Na Allah ya daina ganin kafar allura, ya bar wa babban ɗansa shago, shanun nan ne suka riƙe shi da Binta. Zagaye ya ci gaba da yi har gwiwa ta ƙi, a lokacin soja sun sauka, babura sun cika gudro. Kowace kaka yakan hau amalanke ya je ruga ganin dukiyarsa. Bai taɓa iya bambance nasa da na mutane ba. Dikko yakan nuna masa wasu bana, baɗi ya nuna masa wasu dabam, samari na ƙunshe dariya. Da ya gane ana yi masa wasa sai ya daina tambaya, ya riƙa bin garken duka yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya rasu a Tasawa bayan gajeriyar jinya, gero na cikin fitar da kai. Dikko ya zo gaisuwa a ƙasa tun daga ruga, ya zauna a zaure har aka yi addu'ar uku, sannan ya tambayi Binta ko a kawo shanun ko a bar su. Ta ce a bar su inda suke.